An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Shari'ar Kafireto a Garejojin Kudancin Kogin Kaduna

Wanda ya haye gadar Kaduna ya nufi kudu, ko ya bi ta Barnawa da Narayi, ko ya miƙe ta Kakuri ya ɓulla Television da Sabon Tasha, zai yi ta wuce rumfunan kanikawan babur ba iyaka. Wata rumfar kwano ce, wata gindin mangwaro. Ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, ga benci, ga akwatin sifanu, ga yaro tsugune gaban yankakken galan yana dama wasu 'yan ƙarafa masu launin tagulla a cikin fetur. Kayan cikin kafireto yake wankewa. In ka ɗan tsaya ka saurara, kusan duk wanda ya turo babur, kafin ya gama gaisuwa ya riga ya yanke hukunci: "Oga, kafireto ne, a wanke min."

Babur ya ƙi tashi da safe, kafireto. Yana shan mai, kafireto. Yana mutuwa a cunkoson Command Junction, yana tari a hawan gada, yana hayaƙi, duk dai shi. Bakanike kuwa, tunda wankin kafireto aikin 'yan mintoci ne kuma kuɗinsa a hannu, ba kasafai yake musu ba. Ya kwance, ya wanke, ya hura, ya mayar, ya murɗa totur har maƙwabta su toshe kunne, mai babur ya biya ya tafi. Bayan kwana uku sai ga shi ya dawo da ƙorafin jiya.

Mafi yawan lokuta an bar jaki ne ana dukan taiki. Kafireto na cikin sassan da suka fi daɗewa a jikin inji, domin abubuwan da ke motsi a cikinsa ba su taka kara sun karya ba. Abin da ke kayar da shi a Kaduna sananne ne: man da aka ba shi, ƙurar da aka bari ta shige shi, ajiyar da aka yi masa da mai a ciki, sai kuma hannun da ya taɓa shi da gaggawa. Wannan gaskiyar ɗaya ce ko a jikin Bajaj Boxer na ɗan acaɓa, ko Keke Napep, ko janareton mai aski, ko injin ban-ruwan masu lambu a bakin kogi, ko tsohon babur mai ƙafa huɗu da wani mai gona ya sayo ɗan Kwatano.

Unguwar da ta san inji

Kudancin kogin ba baƙon ƙarfe ba ne. A Kakuri aka kafa masaƙar Kaduna Textiles a 1957, United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, shekarar da aka kafa masana'antar kayan tsaro ta DICON. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a nan, kuma 504, wadda ta zama motar gwamnati da ta tasha baki ɗaya, da kafireton Solex ta daɗe tana fitowa. Dubban mutane daga Kudancin Kaduna, da Filato, da Binuwai, da ƙasar Ibo da ta Yarbawa sun zo neman aiki, suka zauna a Makera da Nasarawa da Kakuri, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su a bakin inji. Har yau a gareji ɗaya za ka ji Bajju da Ibo da Bahaushe suna gardama kan jet da fulogi, duk da Hausa.

Da masaƙun suka durƙushe a shekarun 2000, dubban ma'aikata suka wayi gari ba albashi. Da yawansu babur ya rufa wa asiri. Lokacin ne kuma Jincheng da 'yan uwansa na China suka cika gari, daga baya Bajaj da TVS na Indiya suka karɓe kasuwa. A 2014 gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta hana acaɓa a cikin birnin Kaduna, Keke Napep ya yawaita a manyan tituna, baburan kuma suka koma lungunan Romi, Unguwar Boro, Kamazou da Gonin Gora, inda kwalta ke ƙarewa ƙura ta fara.

Motoci sun daɗe da barin kafireto. Tun farkon shekarun 1990 Amurka da Turai suka koma feshin mai da kwamfuta ke sarrafawa, kuma 406 da ta gaji 504 a Kakuri da wannan tsarin ta zo. Indiya ma, daga Afrilun 2020, ta tsaurara dokar hayaƙi, akasarin baburan da ake sayarwa a can suka koma sabon tsari. Amma waɗanda ake loda wa jirgi zuwa Afirka, mafi yawansu da kafireto suke zuwa, kuma ba laifi ba ne. Yana da araha, ba ya buƙatar batir mai ƙarfi, kuma mutum da sukudireba ɗaya da sifana mai lamba takwas zai iya raba shi a bakin hanyar Kachia ya mayar. Wannan sauƙin shi ne alherinsa, shi ne kuma ya sa kowa ke ganin ya iya.

Abin da ke cikin gwangwanin

Inji ba ya ƙona fetur zalla. Gauraye yake so, kusan kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur. In aka juya lissafin zuwa abin da ido zai gane, kowace lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska wajen lita dubu tara zuwa dubu goma. Aikin kafireto kenan: ya auna, ya gauraya, ya miƙa.

Babu famfo a ciki, babu lantarki. Maƙogwaron kafireto yana da wuri guda da aka tsuke. Idan fistin ya ja iska, tana isa wannan matsatsin sai ta ƙara gudu, ƙarfin danninta ya ragu, sai ta tsotso mai daga wani ɗan kofi da ke ƙasa. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Battista Venturi, ya bayyana wannan ɗabi'ar tun 1797, kusan shekara ɗari kafin Wilhelm Maybach na Jamus da wasu injiniyoyi biyu na Hangari, Bánki da Csonka, su fito da kafireto mai feshi a 1893. Abin da ke jikin Boxer yau jikan wancan ne, bai sake kama sosai ba.

Kofin yana da fulot, wata 'yar roba ko tagulla mai iyo, da allura mai toshe hanyar mai. Aikinsu irin na ƙwallon tankin ban-ɗaki ne: ruwa ya cika, ƙwallo ya tashi ya rufe, ya ragu, ya sauka ya buɗe. Daga kofin, mai yana hawa ta ƙofofi biyu. Akwai ƙaramin jet, na silo, wanda ke ciyar da inji lokacin da yake tsaye yana aiki har zuwa kusan rubu'in totur. Akwai babban jet, wanda ke da iko idan an murɗe totur zuwa ƙarshe. Tsakaninsu kuma doguwar allura ce mai tsini, wadda ke hawa da sauka cikin bututunta, ita ke mulkin tsakiyar totur, inda ɗan acaɓa ke wuni. Sai cok, mai ƙara mai da safe kafin inji ya ɗumama.

Wanda ya riƙe wannan rabon aikin ya riga ya yi rabin bincike. Tambayar farko ga mai babur ita ce: a ina totur yake sa'ad da abin ke faruwa? Bakaniken da bai yi wannan tambayar ba, lalube yake.

Kafin a taɓa sukurun farko

Tsofaffin kanikawa suna da jerin da ba sa tsallakewa, kuma kafireto ne na ƙarshe a ciki.

Fulogi ake fara cirewa, domin shi ne shaidar da ya ga abin da ya faru a cikin inji. Idan bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske, gaurayen lafiya lau, a nemi matsalar wani wuri. Idan baƙi ne busasshe mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Idan fari ne fat kamar an shafa alli, mai ya yi kaɗan, inji na cin wuta. Idan kuwa jiƙe yake da maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa ta ringi ko ta bawul, kuma ko sau goma aka wanke kafireto ba abin da zai sauya. Haka hayaƙi: baƙi na fetur ne, shuɗi na baƙin mai. Mutane da yawa sun sayi sabon kafireto saboda shuɗin hayaƙi, alhali fistin da ringi ne suka gaji. Banda tsohon Jincheng da ƙananan janaretocin da ake haɗa musu fetur da baƙin mai, waɗanda ɗan shuɗin hayaƙi ɗabi'arsu ce.

Daga nan a duba wuta, ko tana fita shuɗiya mai ƙarfi ko ja mai lanƙwasa. Kwayil da ya fara mutuwa yakan yi aiki da sanyi ya yanke in ya ɗau zafi, mai babur ya rantse mai ne ke yankewa. A taka kik a ji ko inji na da matsi. A duba setin bawul, musamman idan babur na wahalar tashi da safe ko yana mutuwa da zarar ya yi zafi. Bawul da ya matse yana kwaikwayon ciwon kafireto ƙwarai da gaske.

Sai iska. A nan ne Kaduna ke da nata labarin. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na sauke ƙura, hanyoyin cikin unguwanni kuma jar ƙasa ce. Waccan iskar lita dubu goma duk ta cikin soso ɗaya take bi. In ya toshe, inji ya kasa shaƙa, sai ya tsotsi mai fiye da kima: baƙin hayaƙi, nauyin tashi, tanki na ƙarewa da wuri. Maganin da wasu ke yi shi ne su cire soson su yar. Babur ya buɗe murya, mai shi ya ji daɗi. Amma yanzu ƙurar kai tsaye take shiga, tana cin allura da bututunta, tana goge silinda, cikin 'yan watanni a sauke inji. Soson wanki yake so, a bushe shi, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse, domin maiƙon ne ke kama ƙura. Busasshen soso rabin aiki yake yi. Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: Kaduna tana kan tudu, wajen mita 600 sama da teku, iskarta ta ɗan fi ta Legas sauƙi, don haka injin da aka saita a bakin teku yakan ɗan karkata ga yawan mai in ya hauro. Bambancin kaɗan ne, amma toshewar soso na ninka shi.

Sai mai, ko yana isowa ma. A zare tiyo daga kafireto a buɗe makunni a gani. In ɗiga yake maimakon zuba, laifin yana sama: tsatsar tanki, ko 'yar ragar makunni, ko matacin da ke kan tiyo. Akwai wata matsalar da ke wahalar da mutane a banza: babur ya yi tafiyar kilomita biyu ya mutu, a jira kaɗan ya tashi, ya sake mutuwa. Murfin tanki yana da 'yar ƙofar shan iska. In ta toshe, mai ba ya sauka. A buɗe murfin in ya mutu. In aka ji ya ja iska kuma babur ya tashi nan take, an gama shari'a, kafireto ya fita ba laifi.

A ƙasan kofin akwai sukurun zubarwa. A tara kwalba mai haske a kwance shi. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ƙwallo-ƙwallo. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, wannan kaɗai na warkar da babura da yawa, ba tare da an sauke komai ba.

Idan duk waɗannan sun wuce lafiya, to a nan ne kafireto ke shiga hannu, kuma alamunsa ba ɓoyayyu ba ne. Babur da ba ya aiki sai da cok, da an mayar da cok ya mutu, ƙaramin jet ne ya toshe, ko kuma iska na satar shiga ta robar da ta haɗa kafireto da inji. Robar nan zafi na tsattsaga ta, tsagar kuma ba ta ganuwa sai an lanƙwasa. Alamarta ita ce silo da ke hawa shi kaɗai, ya ƙi sauka bayan an saki totur, da harbin salansa a gangara. Babur da ke tafiya lafiya a hankali amma ya shaƙe in an buɗe masa wuta, a duba babban jet da yawan man da ke cikin kofi. Wanda ke zubar da mai ta tiyon ƙasa, datti ne ya tokare allurar fulot, ko bakin robarta ya ci, ko fulot ɗin ya huje ya nutse. Kanikawa kan ƙwanƙwasa kofin da gindin sukudireba, zubar ta tsaya. Dabara ce ta kai mutum gida, ba gyara ba ce.

Man da muke sha

Matatar man Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, tana nan kudu da kogin, ba nisa da Sabon Tasha. Ta daɗe ba ta tace mai ba. Ɗan acaɓan da ke wucewa ta ƙofarta man da tanka ta ɗauko daga kudancin ƙasar yake sha, wanda ya bi ta rumbuna da tankoki da yawa kafin ya iso, wani lokaci kuma ya ƙare a jarka da kwalbar 'yan cuwa-cuwa. Kowane zango da nasa rabon ruwa da datti. Ba sai an yi mugun nufi ba. Jarkar da ta kwana a buɗe da mazurarin da ke yashe a ƙasa sun isa.

Shekaru uku a jere sun bar tabo a kafiretocin garin nan. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta hana hawa babur a jihar na wata uku saboda matsalar tsaro. Aka jingine babura a zaure da bayan ɗaki, akasari da mai a cikinsu. Fetur ba ya son zama. Sassansa masu sauƙi suna tashi, abin da ya rage ya yi kauri ya zama danƙo mai warin tsohon fenti, ya liƙe ƙaramin jet da siraran hanyoyin da ke cikin gangar jikin kafireto. Duk injin da ya yi irin wannan zaman haka yake tashi, in ya tashi. Abin da ke samun injin ban-ruwa kenan kowace shekara: a ajiye shi da saukar ruwan sama, a ɗauko shi da kaka, ya ƙi ko tari.

A Fabrairun 2022 kuma sai ga gurɓataccen fetur. Kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar cewa an shigo da jiragen mai daga Antwerp ta Beljiyam masu sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, aka janye shi daga kasuwa, layukan mai suka dawo. Metanol yana jan ruwa, yana kumbura roba, yana cin irin ƙarfen da ake zuba kafireto da shi. Farin garin da ake tararwa a gindin kofi, mai kama da gishiri, sau da yawa aikin ruwa ne da irin waɗannan sinadarai.

Na uku ya fi su daɗewa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Tun daga nan cika tanki ya zama labari. Ana sayen lita ɗaya, a yi aiki, a sake sayen ɗaya, makunni kullum yana kan rizab. Rizab kuwa daga can gindin tanki yake ja, inda ruwa da tsatsa suke kwance. Tankin da kullum rabinsa iska ce yana yin raɓa a ciki da dare, raɓar ta zama tsatsa, tsatsar ta gangara. Talauci ne ke aika datti cikin kafireto, sannan a biya kuɗin wanki duk mako. Ɗan matacin mai na roba da ake sa wa a kan tiyo bai kai kuɗin wanki biyu ba, kuma da shi da wanke tanki sau ɗaya za su raba mutum da wannan zirga-zirgar.

"A matse min shi"

Tsadar mai ta haifo wata buƙata da kowane bakanike a Kakuri ya sani: "Maigida, a matse min shi, yana sha da yawa." Sai a sauke allura, a murɗa sukurun gauraye, wani ma a sa jet ƙarami. Babur ya rage sha, gaskiya ne. Amma injin da iska ke sanyaya shi, wanda ke ɗaukar mutum biyu da buhun masara a zafin Maris, yana dogara da ɗan rarar man nan wajen rage zafi. In aka hana shi, fulogi ya yi fari, bawul ya ƙone, kan fistin ya fara narkewa. Abin da aka tara a gidan mai cikin wata uku, mai sayar da kayan gyara ya karɓe shi rana ɗaya har da ƙari. Akwai matsewa ta hankali, wato mayar da kafireto kan setin da kamfani ya yi masa bayan wani ya buɗe shi. Abin da ya wuce haka cin bashi ne daga jikin inji.

Sukurun gaurayen ma ba a gane shi yadda ya kamata. A yawancin ƙananan kafiretoci, ana mayar da shi ciki a hankali har ya taɓa, ba a ɗaure ba, sannan a dawo da shi zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu, a ƙarasa saiti da kunne bayan inji ya yi zafi. In sukurun yana ɓangaren soson iska, fito da shi ƙara iska ne. In yana ɓangaren inji, fito da shi ƙara mai ne. Wanda bai bambance ba zai yi ta murɗawa baya yana zaton gaba yake. Kuma ikon sukurun a silo yake da ɗan abin da ya biyo baya. Ba ya gyara babur da ke shaƙewa a babban titi.

Sai babbar ɓarna, wadda ake yi da kyakkyawar niyya. Jet ya toshe, yaro ya zaro silin waya daga tsohuwar kebul ɗin kuloci ya zura. Wayar ƙarfe ce, jet tagulla ne mai laushi. Ramin ƙaramin jet a irin waɗannan babura bai kai rabin milimita ba. In waya ta faɗaɗa shi daga 0.35 zuwa 0.40, ido ba zai ga bambanci ba, amma faɗin ƙofar ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari. Daga ranar babur ya zama mashayi, kuma ba saitin da zai dawo da shi. Gyaran gangar Abzinawa kenan. Jet jiƙa shi ake yi, a fesa masa maganin wanki na gwangwani, a hura da iskar mai faci, a ɗaga shi sama a ga haske ya ratsa zagaye sumul. In ya ƙi, a sayi wani mai lamba ɗaya da shi. Lambar tana rubuce a jikinsa. Hurawa da baki da tsotsar tiyo, waɗanda yaran gareji suka mayar kamar wasa, guba suke kai wa huhu. Gwada wutar fulogi kusa da buɗaɗɗen galan na fetur kuwa ya ƙona rumfuna da fuskoki.

Idan abin ya gagara, shawarar ƙarshe ita ce a sayi sabo. Kasuwa cike take da kafiretocin China masu araha, wasu har da tambarin Keihin ko Mikuni da ba nasu ba. Wani yana aiki lafiya. Wani kuma jet ɗinsa ba lamba, ko lambar ƙarya ce. A ra'ayina, tsohon kafireto na asali da aka sake wa allura da jet da gasket ya fi sabon da ba a san iyayensa ba, sai fa in gangar jikinsa ta ci har abin da ke hawa da sauka a ciki yana girgiza. Abin takaici, sau da yawa na asalin ne ake bari a gareji a tafi da na bogi.

Mai ƙafa huɗu

Babur mai ƙafa huɗu ba abin hawan talaka ba ne a Kaduna. Jefi-jefi ake ganinsa, a gonakin bayan gari, a wuraren shaƙatawa, ko a gidan mai hali da ya saya wa yara. Asalinsa mai ƙafa uku ne, wanda Honda ta fitar a 1970. Suzuki ta kawo mai huɗu a 1982, kuma a 1988 aka daina sayar da sababbin masu ukun a Amurka saboda yawan kifewa. Waɗanda ke isowa nan mafi yawa tsofaffi ne, sun yi shekaru a ƙasar da suka fito, sun yi watanni a kwantena, sannan su zo su ci gaba da zaman jiran ranar hutu. Ciwonsu na farko kenan: zama. Abin da ya sami baburan Kaduna a 2021 shi ne rayuwarsu ta kullum.

In ya lalace, wurin mai gyaran Boxer ake kai shi, kuma a nan ake samun tangarɗa. Da yawa daga cikin manyansu suna da wani irin kafireto dabam, mai faifan roba a ƙarƙashin murfin sama. Ba kebul ke ɗaga allurarsa ba, jan iskar inji ne ke ɗaga ta ta hanyar wannan robar. In ta sami huji ko da na tsinin allura ne, injin zai yi silo lafiya amma ya ƙi ɗaukar wuta. A ɗaga ta a rana a duba. Kada a jiƙa ta a maganin wanki, kumbura take ta ƙi komawa mazauninta, kuma samun irinta a Kaduna sai an sha yawo, har kasuwar Panteka a tsallaken kogi, wani lokaci sai an aika Legas. Cok ɗinsa ma ba faranti ba ne mai rufe iska, ɗan toshi ne a ƙarshen kebul. In tsatsa ta riƙe shi a buɗe, fulogi zai yi ta baƙi ana canzawa.

Yana kuma da siraran tiyo na shan iska da ke zagayawa cikin jikinsa. Laka na toshe su. Zanzaro ma na son su, yakan cusa ƙasa ya yi ɗaki a bakin tiyon injin da aka daɗe ba a taɓa ba, kofi ya kasa numfashi, a yi ta neman aljani a inda babu. Na ƙarshe, kuma mafi tsada: in aka bar makunnin mai a buɗe alhali allurar fulot na yoyo, fetur zai bi ta silinda ya gangara cikin baƙin mai. A zaro sandar awo a sansana. In tana warin fetur ko man ya haura alama, kada a tayar da injin sai an juye shi.

Rigakafin duka ɗaya ne, ga mai ƙafa huɗu, da janareto, da injin ban-ruwa. In za a ajiye fiye da mako biyu ko uku, a rufe makunni, a bar inji ya yi aiki har ya mutu da kansa, a kwance sukurun ƙasa a zubar da ragowar.

Ilimin nan yana nan a garejojin Kakuri da Sabon Tasha, a hannun waɗanda suka koya tun zamanin Solex, amma yana tafiya da su. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha a Kaduna take da hedikwata, kuma ita da Kwalejin Fasaha ta Kaduna sun riga sun fara aikin ba masu sana'ar Panteka horo da takardar shaida. Ya kamata a haye gada da wannan aikin, a haɗa kai da ƙungiyoyin kanikawa, a kai shi rumfunan babur, inda yaro ke shekara uku yana wankin jet ba wanda ya taɓa gaya masa dalilin lambar da ke jikinsa.

Kai kuma mai babur, ranar da ya sake ƙin tashi, kada ka isa gareji da hukunci a bakinka. Faɗi abin da yake yi, da lokacin da yake yi, da inda totur yake. Ka ce a nuna maka fulogi, a buɗe soson iska a gabanka, a tara kwalba a zubar da man kofi ka gani da idonka. In Oga ya ce ba shi da lokacin wannan, tura babur ɗinka rumfar gaba.